Uwar Ganye da Tsiron Bokitin Fenti

Uwar Ganye muke ce mata, mu ƙawayenta, har maigidanta ma ya ɗauka. Allah ya yi mata rasuwa a daminar nan. Tun da aka watse daga zaman makoki nake son in rubuta wani abu a kanta, don ba na so a riƙa tuna ta da gadon asibiti kawai.

A ɗakin ajiyar tsirrai na jami'a take aiki, wani dogon ɗaki mai kabad-kabad na ƙarfe da warin kafur. Masu bincike su dawo daga daji da ganyaye, ita kuma ta shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu, ta danne da katako, ta ɗaure tamau. In sun bushe ta manna su a kan farar takarda mai kauri, ta kama reshen da siririn zare. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma zama da Dakta, matar da ke shugabantar ɗakin, ya koya mata ƙa'idar aikin. Takan ce mana kowane tsiro sunansa kalma biyu ne da harshen Latin, ta farko ta gidansu, ta biyu tasa shi kaɗai, kuma gidaje da yawa ne ke haɗuwa su zama dangi.

"Ganye maƙaryaci ne," in ji ta. "Kamar zani yake, kowa na iya ɗaura irin na wani. Fure ne ke faɗin ɗan gidan wa kake."

Wata shekara Dakta ta dawo daga wani tsauni da 'yan rassan wani tsiro mai kaurin ganye, babu fure ko ɗaya. Ta bincika kabad-kabad ɗin nan kaf, ta aika hoto ga abokan aikinta na nesa, babu wanda ya san shi. Ba ta yarda ta raɗa masa suna ba tare da ta ga furensa ba, don ba ta san gidan da za ta sa shi ba. Da ta koma tsaunin, sai ta tarar masu fasa dutse sun cinye gefen da tsiron yake. Rassan da aka dasa a lambun jami'a suka ruɓe. Ɗaya ne ya tsira, wanda Uwar Ganye ta kai gida a tsohon bokitin fenti ta ajiye a baranda. In wannan ya mutu bai yi fure ba, to ya bar duniya ke nan ba wanda ya san sunansa.

Ta riƙe shi kamar jariri. Safe ruwa, yamma ruwa, ta goge ganyen da tsumma. Ya yi kore shar, ya yi ƙiba, amma fure shiru, shekara na bin shekara. Maigidanta, mai gyaran famfo ne, in ya dawo daga aiki sai ya leƙa bokitin ya ce, "Wai autan nan naki yaushe zai fara magana?"

"Ranar da ka fara dawowa gida da wuri," in ji ta.

Dakta kuma kullum gaisuwarta ke nan: "Ya ɗanmu?" Uwar Ganye ta ce lafiya lau, ta sunkuyar da kai kan gam ɗinta. Abin yana cinta a rai, gani take kamar akwai wani gata da ba ta yi masa ba.

Ana tsakiyar rani ciwo ya kwantar da ita a asibiti, aka daɗe. Kafin a tafi da ita ta kama hannun maigidan ta ce ruwan tsiron nan amana ne. Ya ce ya ji. Amma tsakanin aiki da jigilar magani da kwana a bencin asibiti, bokiti ya fita daga ransa. Ranar da aka sallame ta, ko ɗaki ba ta shiga ba ta nufi baranda. Ƙasa ta tsage, ganye ya zube, reshen ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Ta zauna a ƙasa tana hawaye.

"Kai da ke kai wa unguwa guda ruwa," ta ce masa, "kofi ɗaya ya gagare ka a gidanka?"

Ya ce, "Ku biyu kuka kwanta a lokaci ɗaya. Ke na zaɓa."

Duk da haka ta zuba wa tsiron ruwa, don hannunta ya saba. Bayan 'yan kwanaki sai ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a kan reshen da babu ganye. Wata safiya ta fito ta tarar sun buɗe, furanni farare masu jan ciki. Ni ta fara kira ta kan katanga, da muryar da na ɗauka wani abu ne ya same ta.

Dakta ta zo a gurguje da gilashinta na ƙara girma. Ta durƙusa a barandar nan, ta buɗe fure ɗaya da tsinken allura, ta ƙirga abin da za ta ƙirga, ta faɗi danginsa da gidansu. Sai ta fashe da dariya.

"Ɗan dutse ne, sai ya sha ƙishi sannan ruwa ya zo yake fure. Duk shekarun nan gata ne ya hana shi, kuma ni ma ban kawo haka a raina ba."

Dole a yanki reshe mai fure a busar, shi zai zama samfurin da kowa zai koma gare shi in ana maganar wannan tsiro. Uwar Ganye ta ce babu mai sa masa almakashi sai ita. Ta yanka, ta bar sauran furannin su yi iri. Ita ta danne shi, ita ta manna, ita ta sa shi cikin jakar takarda mai jan baki da ake ware wa irinsa.

Kalma ta biyu a sunan, Dakta ta sa sunan Uwar Ganye na yanka, da jelar Latin a ƙarshe. Ita kuwa ta ce ai na maigida ya kamata a sa, tunda shi ya yi aikin. Dakta ta ce ba ta raba lada kan mantuwa.

Uwar Ganye ta ga fitowar sunan a mujalla da idonta. Ta sa maigidan ya karanta mana da ƙarfi, harshensa ya harɗe a tsakiya, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Irin ya tsira, lambun jami'a ya samu nasa, mu ma ta raba mana a gwangwanaye, tana gargaɗin kada mu ji tausayinsa da rani. Nawa yana nan a bakin taga, ya fara sabon ganye. Allah ya jiƙan ƙawata, ya sa ta huta.