Jinin Lafiyayye

Matata likita ce, amma kada ka kawo mata ciwon kai, ruwa za ta ce ka sha ka kwanta. Aikinta binciken garkuwar jiki ne, wato abin da Allah ya sa a jikin mutum yake yaƙar cuta. Ni kuwa malamin makaranta ne, labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya. Dakta nake ce mata, ita kuma Malam, ko da faɗa muke yi.

Lokacin da na aure ta a kan tarin fuka take bincike. Tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: me ya sa mutum biyu za su kwana ɗaki ɗaya, su shaƙi iska ɗaya, ɗaya ya kamu, ɗaya ya tashi garau? Na ce mata ai ƙaddara ce. Ta ce ta yarda, amma tana so ta ga ta inda ƙaddarar take bi. Tun daga ranar na koyi kama bakina.

Ɗakin gwajinta yana ƙarshen wata doguwar baranda a bayan asibiti. Tebur biyu ne a ciki, da firji mai ƙugi kamar tsohuwar mota, da kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa. Sai madubin likita, wanda take leƙa jini da shi. Yadda take goge shi tana lulluɓe shi da ƙyalle, ni ban taɓa samun irin wannan gata ba, na kuma sha faɗa mata.

Wata rana ta manta tabarau a gida na kai mata. Maimakon godiya sai na ga tana kallon dantsena.

"Malam, yaushe rabonka da zazzaɓi?"

"Na ma manta."

"To zauna. Naɗe hannun riga."

Ashe a aikinsu ba a gwada jinin mara lafiya shi kaɗai. Sai an haɗa da na lafiyayye, a yi musu gwaji ɗaya a lokaci ɗaya, don a san inda bambanci yake. Ita kuma tana da dokarta da ba ta karyawa: na lafiyayyen take fara dubawa, komai saurin da ake yi. Haka na samu aikin da ba albashi ba ritaya. Ta rubuta maƙaloli, an buga wasu, an dawo mata da wasu ta yi kwanaki ba ta dariya, ta je taruka, ta yaye ɗalibai. Sunana bai fito a ko'ina ba, amma jinina ya shiga kusan duka, ina kuma alfahari da hakan ƙwarai.

Abin da ya karkatar da ita daga tarin fuka wata mata ce mai ɗinki. 'Ya'yanta maza biyu sun rasu suna ƙanana, bi da bi, duk da irin ciwo ɗaya: maruru ya warke wani ya fito, tari ya tafi ya dawo, a ba da magani kamar an zuba ruwa a rairayi. 'Ya mace ɗaya ta rage mata. Matar ba ta zo neman magani ba, don babu sauran wanda za a yi wa. Dalili ta zo nema. Dakta ta ce mata ba ta sani ba, amma za ta nema.

Ta daɗe tana nema, har furfura ta fara leƙo mata. Daga ƙarshe ta gano cewa fararen ƙwayoyin jinin yaran suna haɗiye ƙwayoyin cuta amma ba sa iya kashe su. Ta wajen uwa ake gadon abin. Ita uwar ba ya kayar da ita, maza yake kamawa, su ma ba duka ba. Ranar da ta yi wa mai ɗinki bayani, matar ta ce, "Ni ce na ba su ke nan." Dakta ta ce, "Ke ma gada kika yi, Yaya, ba saya kika yi ba." Ta dawo gida ranar ta kasa cin abinci, ni ma na ajiye cokalina.

Daga nan ita da mai ɗinkin suka zama kamar 'yan uwa. Matar ita ke ɗinka wa yaranmu kayan makaranta, tana kuma yi mini tsiya wai cikina ya fi awon da ta sani. 'Yarta ta girma, aka gwada ta, ita ma tana ɗauke da abin. Ta yi aure, ta samu ciki, kuma Dakta na gab da ajiye aiki sai yarinyar ta haifi namiji.

Ko ya gado ko bai gado ba, ba wanda zai ce sai an duba. In ya gado, gara a sani tun da wuri: akwai allurar rigakafin da ba za a yi masa ba, akwai maganin da zai riƙa sha kullum, ga tsantseni iri-iri. In bai gado ba, yaro ne kamar kowa.

Da safe suka kawo shi, uwar riƙe da shi, kakar tana biye a baya. Aka ɗebi jininsa kaɗan, ya tsala ihu. Aka ɗebi nawa, ban yi ihu ba, ba kuma wanda ya yaba mini. Suka zauna a benci a baranda, ni na shige ciki da audugata a hannu.

Gwajin ba shi da wuyar ganewa, ko ni na gane shi. Wani ruwan rini ne mai kalar rawaya ake ɗiga wa jinin. Ƙwayoyin da ke iya kashe cuta sukan mai da shi shuɗi mai duhu. Waɗanda ba sa iyawa, haka za su zauna fayau.

Da lokacin dubawa ya yi, na ga hannunta ya nufi gilashin da aka shafa jinin jaririn a jiki. Ya tsaya a kai. Sai ta janye shi, ta ɗauki nawa, ta sa a madubi. Ta daɗe tana leƙe, tana murɗa nan tana murɗa can.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba, "ko dai ka daɗe da mutuwa ba mu sani ba, ko rinin nan ya lalace."

Nawa fayau yake, ko ɗigon shuɗi babu. Na jaririn ma dole haka zai kasance, ko lafiyarsa ƙalau. Da shi ta fara dubawa, da abin da take tsoro za ta gani, kuma Allah kaɗai ya san da wace fuska za ta fita barandar nan.

Ta juya gilashin jaririn ta ture shi gefe ba ta ko kalle shi ba. Ta hau bene wurin wani abokin aikinta ta karɓo sabon rini. Jinin jaririn akwai saura, ba sai an sake soka shi ba. Nawa ma akwai saura, amma sai da ta sake soka ni, har yau kuma ina ganin mugunta ce. Na fita na ce wa masu jira a ƙara haƙuri. Kakar ta dube ni ta ce, "Malam, in wani abu ne a faɗa mini." Na rantse mata ba a san komai ba tukuna, kuma gaskiya na faɗa.

Karo na biyu nawa ya yi shuɗi, na dawo cikin masu rai. Ta ɗauki na jaririn. Na juya baya ina kallon firji, don ba zan iya kallon fuskarta ba. Sai na ji ta saki numfashi.

"Kira mini su."

Suka shigo. Ta kamo hannun kakar ta zaunar da ita a kujerar, ta nuna mata yadda za ta sa ido. Matar ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa.

"Waɗannan masu duhun fa?"

"Nasa ne, Yaya. Aiki suke yi, dukkansu. Bai gado ba."

Uwar ta fashe da kuka. Kakar kuwa ba ta yi kuka ba. Ta goge tafin hannunta a jikin zane, ta sake gogewa.

"Dakta, to zan iya ɗaukarsa?"

Sai a lokacin muka ji daga bakin 'yar cewa tun da aka haife shi kakar ba ta taɓa shi ba. Wanki tana yi, girki tana yi, amma daga bakin ƙofa take leƙensa, wai kada hannunta ya kai masa wani abu.

Dakta ta karɓi yaron daga hannun uwarsa ta ɗora mata shi a cinya. Ta rungume shi ta kifa fuskarta a wuyansa, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ce, "Kai, ashe nauyi gare shi."