Asabar ɗin da Na Bi Shi Bukuru

Wajen lokacin da soja ke shirin miƙa mulki, ɗana na uku, tela mai mata da 'ya'ya biyu, ya tsiri gudu. Litinin, Laraba da Alhamis, yana idar da sallar asuba zai nufi unguwar Rayfield a guje. Ranar Asabar kuwa har garin Bukuru yake kaiwa, sai kusan azahar yake dawowa.

A wurinmu magidanci ba ya gudu sai ɓarawo ko wanda ya taɓu. Matan unguwa suka fara yi mini jaje a fakaice, ni kuma hankalina ya tashi.

Wata Asabar na shiga motar Bukuru. Muka wuce shi a hanya tare da wasu huɗu, sun jiƙe sharkaf. Na sauka bakin kasuwa, inda wani tsohon soja ke jiransu da agogo da bokitin ruwa.

Da ya iso ya gan ni, ya durƙusa yana haki. "Inna, lafiya?"

"Hankalinka na zo dubawa."

Sojan ya yi dariya. "Mama, gasa muke shiri. Ya fi su duka numfashi."

Na ƙura wa ɗana ido. Ras yake, har da kunyarsa.

Sauran har sun sha ruwa sun juya. Na ce, "Tashi, kada su bar ka."