Murya biyu a bakin teku

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba, wani ne yake rubuta mini wannan. Amma wallahi abin da za ku ji a kaina ya faru.

Bayan an gama yaƙin basasa na ajiye kakin soja na koma tuƙi. Lokacin kuɗin fetur ya shigo, gwamnati na ta tura mutane karatu waje, sai wani likita ɗan Haɗejia ya tafi da ni Landan in riƙa tuƙa iyalinsa. A unguwar Stratford muke zaune. Ina ce masa Dakta, yana ce mini Kofur. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya yawo, cutarsa ɗaya ce: tsuntsaye. Ya ce tun yana yaro yake kwanciya a fadamar garinsu yana kallon waɗanda ke zuwa daga Turai, yanzu ga shi ya biyo su gida. Ya sayi wata kamara mai dogon baki kamar bindiga, uwargida ta yi ta faɗa.

Wata Lahadi, sanyi ya fara raguwa, itatuwa sun soma toho, ya ce in kai shi inda kogin Landan ke shiga teku. Muka yi gabas muka yi ta tafiya, muka ajiye mota a gindin wata katangar siminti. Na leƙa, babu teku. Laka ce da yashi iya ganinka, ruwan ya janye can nesa, ga tsuntsaye ba iyaka, farare masu kuka kamar jarirai, da wasu masu dogayen ƙafafu suna caccakar taɓo. Ni ɗan tudu ne, a wajenmu rafi in ya ƙafe sai damina. Dakta ya ce wannan yana dawowa, amma sai yamma, a littafi ya karanta.

Muna tafiya yana tsokanata, wai sojan da bai ji tsoron harsashi ba yana tsoron jiƙa takalmi. Daga nan ya gaya mini dokar tsohuwarsa, yana dariya: a bakin ruwa in ka ji an kira ka, kada ka amsa, kada ka bi, sai ka ga mai kiran da idonka. Ya ce duk ɗan garinsu da wannan ya tashi. Sannan ya ce in koma kan katanga, jar hulata tana korar masa tsuntsaye. Na koma. Ina hango shi ya durƙusa can yana ta ɗaukar hoto.

Hazo ne ya taso daga teku, fari fat, kafin in miƙe tsaye ya haɗiye Dakta. Sai na ji motsin ruwa. Ba igiya ba, a hankali yake zuwa, yana bin kwaruruka yana zagayowa ta baya. Na sauka na shiga, ya kawo mini gwiwa, laka ta riƙe ƙafata, ban iya iyo ba, na dawo da rarrafe. Babu kowa a wurin, ko kare.

Na ɗaga murya na ce, “Dakta! Nan! Ta nan!”

Sai na ji an maimaita daga cikin teku. Na ce amsa-kuwwa ce, na rufe bakina. Muryar ba ta daina ba. Tawa ce, da kaushinta, da yadda nake jan sunan, har da tarin da nake yi tun daga fagen yaƙi. “Dakta, ta nan, ranka ya daɗe, ga mota nan.” Ni ban faɗi haka ba.

In na kira, na ƙara masa ruɗu, in na yi shiru, waccan kaɗai zai ji. Na ruga mota na danna hon, irin bugun da nake masa kullum da safe a ƙofar gida. Na saki. Wallahi tallahi aka danna irinsa daga cikin ruwa. Na zauna a ƙasa ina salati, ina tunanin da wane baki zan gaya wa uwargida da ’ya’yanta.

Can sai tsuntsayen suka fara wucewa ta kaina, gungu-gungu, ƙasa-ƙasa, suna sauka bayan katanga. A bayansu Dakta ya ɓullo, ruwa iya ƙirji, babu takalmi, ya ɗaga kamarar sama da hannu biyu. Na miƙa masa hannu, ya tsaya yana kallona, ya daɗe kafin ya kama.

A mota ya ce ya ji ni ta gaba, ya ji ni ta baya, bai amsa wa kowa ba. Ya tuna in ruwa ya cika tsuntsu tudu yake nema, sai ya bi kukansu.

Da aka wanko hotunan ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa. Duk tsuntsaye ne, sai na ƙarshe. Ni ne a tsaye cikin hazo, ƙafafuna cikin ruwa, da jar hulata, ina yafito shi da hannu. Ruwa ne a bayana, babu katanga. Ya ce bai san lokacin da ya ɗauka ba. Ya ƙona shi a gabana.

Na ci gaba da yi masa aiki har muka dawo gida, bai taɓa canza mini fuska ba. Abu ɗaya ne: in na kira shi daga baya, ko a falo ne, ba ya amsawa. Sai ya juyo a hankali ya dubi ƙafafuna, ya ga a bushe suke.

In Allah ya kai ku bakin teku kuka tarar ruwa ya ja baya, kada ku bi shi. In kuma an kira ku, ko da muryar wanda kuka fi yarda da shi ce, ku bari sai kun gan shi. Ni kam ko an gan ni, ban ce a yarda ba.