Tuwon Takari

Sanyin Jidda ba ya daɗewa, kuma yakan faɗo daidai hutun tsakiyar shekara na makaranta. Tun ina yarinya, a wannan hutun kakata take kwasar mu daga unguwar Sharafiyya zuwa barr, wato filin yashin nan na bayan Khumra. Mutane na gasa nama ta ko'ina, mu kuwa tukunya ɗaya ce: tuwon dawa da miyar kuka, ba nama, ba mai. Kuma sai kowa ya tuɓe takalmi kafin ya sa hannu, don ita ba ta da takalmi ranar da ta sauka ƙasar nan. Tuwon takari take ce masa.

Da ƙafa ta zo daga ƙasar Kano, shekaru tana hanya. Tana tuƙin tuwon tana jero mana garuruwan da ta ratsa, Maiduguri, Abeshe, Fashir, har Sawakin a bakin teku. In ta ce “mu takari ne” sai ta ɗaga kai kamar an naɗa ta sarauta. A wurinta takari shi ne wanda ya sha wuyar hanya don ya ga ɗakin Allah.

Ban san ranar da kalmar ta lalace ba. Kawai na wayi gari ana liƙa ta ga wanda ya zo umara ya maƙale, ba iƙama, wato takardar zama, yana ɓuya a lungu in ya hango motar 'yan sanda. Yara ma da ita suke zagin juna. Ni dai ban fasa tuƙa tuwona duk shekara ba.

Bara 'yata ta ce uwar mijinta, Balarabiya ce, za ta bi mu barr. Ta same ni a kicin ina tankaɗe.

“Ummi, don Allah kar ki faɗi sunan nan a gabanta. Ki ce asida, irin tuwon Larabawa, shi ke nan.”

“Asida da kuka? Ke kam an yi asarar nono.”

“Ba wasa nake ba, Ummi. Ni ce nake zaune a cikinsu.”

Na kalli idonta, na ga tsoro ne na gaske.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma, iska na kaɗa wutar. Surukar 'yata matar kirki ce, ta ci har ta nemi ƙari. Jikata, 'yar shekara shida, ta tuɓe takalminta ba wanda ya ce mata, ta zauna jikina. Sai matar ta tambaye ni da Larabci, mene ne sunan abincin nan?

Na ce, “Asida.”

'Yata ta sauke numfashi. Ni kuwa lomar da ke hannuna ban iya kai ta baki ba.

Bana da aka ba su hutu, jikar ta kira ni a waya. Tana jin Hausa, amma Larabci ya fi mata sauƙi a baki. Ko kaka ba ta ce mini, sai Sitti.

“Sitti, yaushe za mu barr mu ci asida?”

Na leƙa falo, ba kowa. Na rage murya kamar mai sata.

“Uwata, ba asida ba ce. Tuwon takari sunansa.”

Ta ƙyalƙyale da dariya. “Aib, Sitti! Mama ta ce wannan zagi ne.”

Na buɗe baki zan fara mata daga Maiduguri, sai na ji uwarta na cewa yalla, maza a kawo wayar. Garin dawar yana nan a kicin, na tankaɗe tun jiya.