Gauraki Biyu na Alau

Jiya da yamma wata mota ta wuce ta ƙofar gidanmu a Wulari, ɗauke da ciyawar tafki tana ɗigar da ruwa. Warin laka ya shigo har ɗaki. Na ajiye abin da nake yi, na zauna.

Warin ya tuna mini lokacin da nake firamare. Duk Asabar, idan damina ta ɗauke, Baba yakan ɗora ni a bayan babur ɗinsa mu tafi tafkin Alau kallon tsuntsaye. Malamin makaranta ne, ba mai yawan magana ba. Yakan gaishe da masunta da yarensu, “Wushe,” su amsa suna dariyar mutumin da ke zuwa bakin ruwa ba ƙugiya ba bindiga. Sai mu kwanta rub da ciki a ciyawa. Balbelu suna bin shanu, zalɓe yana tsaye kamar an manta da shi. Idan na motsa, sai Baba ya ɗora yatsa a hannuna.

A inda ruwa ya janye akwai gauraki biyu. Rana takan haska gashin kansu ya yi kamar zinariya. Su sunkuya wa juna, su yi tsalle, su buɗe fukafukai. Baba ya ce idan ɗaya ta ɓace, ɗayar ba ta barin wurin.

Baffa, ƙanin Baba, akawu ne, ana shirin yi masa canjin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Ya ji cewa shugabansa yana sha'awar gauraki a tsakar gida. Wata Asabar ya biyo mu, wai shan iska. Baba har murna ya yi. Ya nuna masa wurin, ya faɗa masa abin da ya faɗa mini.

Da muka dawo wata Asabar, muka tarar da Baffa da wani tsohon maharbi. Sun kama gauraka ɗaya da tarko, tsohon ya danne wuyanta da gwiwa yana zura zare a allura.

“Yaya, ka zo a daidai,” in ji Baffa. “Riƙe mana ƙafafun.”

“Kai, me kake yi haka?”

“Tsuntsu ne fa, Yaya. Ko so kake a jefa ni daji da iyalina?” Ya dube ni yana dariya. “'Yar malam, juya baya idan ba za ki iya ba.”

Ban juya ba. Na jira Baba ya ƙara magana. Ya cire hularsa, ya riƙe ta a hannu, shi ke nan.

Tsohon ya ɗinke mata fatar ido, don idan ba ta gani ba za ta yi fizge-fizge ba, kuka kawai za ta yi. Suka ɗaure ta a turke, suka kewaye ta da tarkuna, muka ja baya. Ta miƙa wuya sama tana kira. Ɗayar ta yi ta kewaya samanmu, tana ganinmu sarai, tana ganin igiyoyin. Na yi ta roƙon Allah a zuci ta tafi. Ta sauka.

A nan suka yanke musu ƙarshen fiffike da wuƙa, suka shafa toka a ciwon. Baffa ya wanke hannunsa a tafkin, ya tambayi Baba ko ya zo da abin ci.

Baffa ya kai wa shugabansa su, ba a yi masa canjin ba. Baba kuwa bai sake zuwa Alau ba, Asabar ta zama ranar wanke babur. Wani lokaci, idan muka bi ta bayan katangar gidan shugaban nan, mukan ji kiransu, sai Baba ya ƙara gudu.

Yanzu ni ke koyarwa. Yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin tafkin ba. Kwanan baya na zana musu gauraka a allo tana sama, sai wata yarinya ta ɗaga hannu. “Malama, kin yi kuskure. Gauraka ba ta tashi. Akwai su a gidan maƙwabcinmu, tafiya kawai suke yi.” Sauran duk suka gyaɗa kai.