Yadda Na Nemo Muryar Babana A Cikin Tsohon Fim ɗin Turawa

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan lamari ya faro ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, na biyo maigidana Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, inda ya samu aikin koyarwa a jami'a. A gida Kaduna malamar makaranta ce ni, amma a nan takardar zamana ba ta ba ni damar aiki ba. In yara sun tafi makaranta sai in wuni ina kallon ruwan sama ta taga, ko in shiga jirgin ƙasa in je titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman ina taya atamfa da mayafan da ba saya zan yi ba. Ban san komai game da tsofaffin finafinai ba, ban ma taɓa riƙe faifan majigi a hannuna ba.

Babana ya rasu ina firamare. Yana saurayi gwamnati ta tura shi Ingila koyon aikin ɗaukar hoton ƙashi, kuma da ya dawo yakan ce ya taɓa fitowa a wani wasan kwaikwayo na asibiti da ake nunawa a talabijin ɗin can duk mako. Babu wanda ya gani, babu hoto, babu shaida. Ƙanensa, wato baffana, shi ya fara mayar da maganar abin dariya, har ta zama karin magana a danginmu: yaro in ya shara ƙarya sai a ce ya gado mai talabijin. Umma kuwa, sai dai in ga ta tashi ta bar wurin. Da muka je hutu wata shekara, a gidan biki, Baffa ya faɗa wa ɗana na fari wannan magana a gaban jama'a. Yaron bai ma gane ba, ya tambaye ni da Turanci abin da ake wa dariya. Na dawo Malesiya da niyyar gano gaskiyar maganar.

Na fara bincike a intanet, har na faɗa wani dandali na tsofaffin Turawa da ba su da aiki sai farautar shirye-shiryen talabijin da suka ɓace. A wurinsu na ji abin da ya kashe mini jiki. Ashe a wancan zamani, in an gama nuna shiri sai a goge faifan a ɗora wani a kai, kuma wasan da babana ya ambata yana cikin waɗanda aka goge kusan duka. Sai wani dattijo a cikinsu ya ce kada in yanke ƙauna, domin kafin a goge akan kwafe shirin a kan zaren fim, a zuba a gwangwani a aika ƙasashen da Ingila ta mallaka, wannan tasha ta nuna ta miƙa wa waccan. A iya saninsa, wasu kashi na wasan a nan yankin da nake zaune sawunsu ya ɓace. Ya ce su sun yi ta rubuto wasiƙu ba amsa, abin yana bukatar mai ƙafa a ƙasa.

Haka na zama mai ƙafa a ƙasa, kuma na sha wuya. Ofis-ofis na bi da guntun Malayancina, wannan ya tura ni wurin wancan, kowa da murmushi da ba ni haƙuri. Matan 'yan ƙasarmu da muke haɗuwa wajen cin abinci a unguwar Kampung Baru suka sa ni a faifai, wata ta ce mutane na neman abin sayarwa ni ina neman fatalwa. Maigidana ya yi haƙuri da ni, amma shi ma wata rana ya tambaye ni a hankali ko na shirya wa ranar da zan gano Baffa ne mai gaskiya. Wannan tambaya ta fi komai tsaya mini a rai, domin ban shirya ba.

Bayan fiye da shekara, wani tsohon ma'aikacin talabijin da ya yi ritaya ya tuna cewa lokacin da suka tashi daga tsohon gini an ce a zubar da gwangwanayen fim, amma wani abokin aikinsa Ba'indiye mai haɗa fim ya kasa jurewa, ya kwashi wasu ya kai gida. Mutumin ya rasu, gidansa dai a Brickfields yake. Na bi shagunan unguwar ina tambaya har wata mai saƙa furanni ta nuna mini benen da matarsa take. Tsohuwar ta saurare ni ta bayan ƙyauren ƙarfe, ta ce kayan mijinta ba na kallo ba ne, ta rufe ƙofa. Na koma, na sake komawa. Da na ji ba ta cin nama sai na soya mata ƙosai na kai. Ta gutsura, ta ce ai wannan vadai ne, irin ƙosansu na Indiya, wa ya koya mini? Na ce kakata. Ranar ta buɗe mini, muka zauna ta yi ta ba ni labarin mijinta, ni kuma na ba ta na babana.

Ɗakin ajiyar na buɗewa wani wari mai tsami ya buge ni. Gwangwanaye ne jibge, sun yi tsatsa, takardun jikinsu duk zafi da laima sun cinye. A nan na yi gaggawar da har yau take ci mini rai. Akwai tsohuwar na'urar majigi ta marigayin, sai na matsa a ɗora faifai ɗaya mu gani. Bai yi nisa ba zaren ya kakkarye ya murƙushe a cikin na'urar, muna ji muna gani. Ban san abin da ke kansa ba, kuma babu wanda zai ƙara sani. Na gaya wa dattijon nan na dandali, ya roƙe ni kada in ƙara kunna komai, in sa safar hannu in riƙa ɗaga farkon kowane zare a hasken taga. Haka na yi makonni ina yi, tsohuwar na kawo mini shayi, har na ga sunan wasan asibitin nan a ƙananan haruffa a kan faifai biyu.

Ana cikin haka aka bugo daga gida cewa Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki. Sannan labarin abin da na samu ya fita, wani mai tara irin waɗannan kaya ya dame mu da waya, yana so a ba shi shi kaɗai ya kulle a gidansa, ya ce zai gyara cikin gaggawa ya aiko mini nawa. Wata ma'ajiyar tarihi ta can Ingila kuwa ta ce gyaran zai ɗau watanni, amma kowa zai gani. Ga Umma kwance, ban san ko za ta kai ba. Na bar wa tsohuwar zaɓi tunda kayanta ne. Ta ce mijinta bai tsamo su daga shara don a sake ɓoye su ba. Muka aika wa ma'ajiyar, ni kuma na tafi Kaduna jinya, ban san ma ko babana na ciki ba.

Ina gefen gadon Umma da hantsi saƙon ma'ajiyar ya shigo wayata. Faifai ɗaya ya lalace, ɗayan ya fito. Na kalla ni kaɗai a tsakar gida. Can tsakiyar wasan aka turo wani matuƙin jirgin ruwa baƙar fata a kan gadon marasa lafiya, wai ba ya jin Turanci, likitoci na ta fama da shi. Siririn saurayi ne, da goshin ɗana na fari sak. Da alama an ce masa ya faɗi ko mene ne da harshensu, domin ya ɗago kai a galabaice, cikin muryar mai jin jiki, ya ce da Hausa:

"Inna, lafiyata ƙalau, wasa ne. Sanyi ne kawai, ga abincinsu ba gishiri. A gaida mutan gida."

Turawan suka gyaɗa kai cikin jimami, likitan ya ce a gaggauta kai shi tiyata. Na yi dariya har na durƙusa, daga nan kuka ya ƙwace mini. Na kai wa Umma. Bakinta ya karkace, magana na yi mata wuya, amma ta sa na maimaita wurin har batir ya kusa ƙarewa, sannan ta ce, "Shi ne. Haka yake ƙorafin gishiri." Da yamma Baffa ya zo dubiya na miƙa masa wayar. Ya kalla, ya cire hularsa ya riƙe, ya daɗe bai ɗago ba. Inna da babana ya gaisar uwarsu ce su biyu, ta rasu saƙon bai iso ta ba.

Umma ta ƙara wata bakwai a duniya. Yau wannan kashi na wasan yana ma'ajiya, an rubuta cewa a Kuala Lumpur aka samo shi, kuma ina alfahari ba kaɗan ba cewa ni ce na taka na nemo. Abin da na koya shi ne, rashin shaida ba ya mayar da mutum maƙaryaci, kuma dariyar da ake yi wa mamaci a kan rayayyu take sauka. Ina kira ga 'yan uwa masu karatu, ku tambayi tsofaffinku labarinsu tun suna iya amsawa. In kun ci karo da tsohon kaset ko gwangwanin fim a ɗakin kakanni, kada ku miƙa wa ɗan gwangwan, kada kuma zumuɗi ya sa ku kunna shi kamar yadda na yi. Ku nemi masu sanin abin. Ni na samu babana a faifai ɗaya, amma wanda ya murƙushe a hannuna, har gobe ina tunanin ko uban wa ke ciki.