Ranar da Doreen Ta Ƙaryata Idonta

Shekara talatin Doreen Halvorsen ta yi tana gashin ƙashi a asibitinmu na garin Saskatoon da ke Kanada. In ta dubi tsayuwar mutum ta ce bayansa ya ranƙwafa, ba mai musu.

Wata rana masu bincike suka ba mu hotunan mutane a tsaye, mu rarraba su, mu ware masu ranƙwafaffen baya da masu miƙaƙƙe. Bayan mako biyu suka dawo da su a cakuɗe, muka sake rarrabawa. Doreen ta saɓa wa kanta a hoto tara.

Da ta ga haka, sai ta tuntsire da dariya: "Ashe idon nan ya daɗe yana yaudarata!"

Tun ranar, in ta duba majiyyaci sai ta kira ni: "Marcel, zo ka gani, kada in cuci bawan Allah."